Sake banɗakin turaka ya koma na zamani: tambayoyin da masu gida ke yawan yi a arewacin Kamaru

Tun da na sake banɗakin turakata a Garwa ban huta da tambayoyi ba. Wannan ya tare ni bayan La'asar, waccan ta aiko ta bakin uwargidana, wani ya turo hoto a waya ya ce irin wannan yake so. Sau biyu na yi aikin, don na farko bai yi kyau ba, kuma na tsaya wa 'yan'uwa a kan nasu a Marwa da Kusiri. Da yake tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na tara su wuri guda. Abin da zan riƙa kira tayil shi ne a kasuwarmu ake ce wa karo, shawa kuma ita ce dush.

Me ake nufi idan an ce banɗaki na zamani?

Yawancinmu hoton otal muke gani a rai: manyan tayil masu ruwan toka, madubi mai fitila, baƙin famfo, gilashi tsakanin wurin wanka da masai. Babu laifi a so waɗannan. Amma abin da ni nake kira na zamani shi ne banɗakin da ruwa ke bin inda aka nufe shi, wurin wanka a ware da inda ƙafa ke zama a bushe, babu wari, babu bututu a fili, kuma ana wanke shi tas cikin 'yan mintuna. Hoton da ke wayarka an ɗauke shi ne a ƙasar da famfo ba ya ɗaukewa, ba a riƙe buta, ba a san ƙurar hunturu ba. Sai an daidaita shi da yadda muke wanka da tsarki da alwala, in ba haka ba ya zama kyan ɗan maciji.

Daga ina zan fara?

Kada ka fara da kasuwa. Fara da ruwa: daga ina yake zuwa maka, na Camwater, kamfanin ruwan famfo, ne ko na rijiyar burtsatse, da wane ƙarfi yake isowa ɗakin, kuma ina yake tafiya bayan an gama da shi. Amsoshin nan su ne za su ce maka ga irin shawar da za ta yi aiki a gidanka, ga kuma ko tsohuwar shaddarka za ta ɗauki sabon nauyi. Duba amsoshin da ke ƙasa a kan ƙarfin ruwa da a kan shadda kafin ka sayi ko da kan famfo ne.

Daga nan ka ɗauki gawayi ka zana komai a ƙasa da girmansa na gaskiya: nan masai, nan wurin wanke hannu, nan wurin wanka. Ka buɗe ƙofa ka gani ko za ta bugi wani abu, ka tsuguna, ka miƙa hannu kamar kana cuɗa baya. Ka kira uwargida ta tsaya a ciki, don ita ta san inda bokiti zai zauna da inda za a rataye zane. Tun ran gini tun ran zane. Jerin aikin kuwa ba ya canzawa: fasa tsoho, shimfiɗa bututu da wayoyin wuta, gwada su, shafe da daɓe, maganin hana ruwa ratsawa, tayil, sannan a ɗaura kayan da ido ke gani.

Dole ne a fasa tsohon tayil, ko za a iya ɗora sabo a kansa?

Ana iya ɗorawa idan tsohon ya kama da kyau, amma ban cika ba da wannan shawara ba. Ƙwanƙwasa shi da gindin mabuɗi: duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya saki. Kuma ko bai saki ba, tsofaffin bututun ƙarfe na nan a ƙarƙashinsa suna tsatsa, ƙasan banɗakin zai ƙara tudu har ya kai na ɗakin kwana, gangaren da ya lalace ma yana nan yadda yake. Idan gidan ya daɗe kuma ba ka san abin da aka binne ba, a fasa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da aikin?

Bayan damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yashi na samuwa a bushe, hanya ta yi kyau ga motocin kaya, rami kuma ba ya cika da ruwa yayin da ake haƙa shi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, siminti na bushewa kafin ya gama kamawa, sai ka ga shafe ya tsattsage kamar fadamar rani. Iskar hunturu ma tana tsotse ruwan siminti, don haka ko a wane wata ne a riƙa yayyafa wa sabon daɓe ruwa safe da yamma har kwana 7. Idan aikin ya faɗa cikin azumi, ka san ma'aikata za su tashi da wuri, ka lissafa kwanakinka da haka.

Nawa zan tanada?

Ba zan faɗi adadi ba, don farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Simintinmu na kusa, tunda ga masana'antar Cimencam a Figil, amma tayil da masai da kawunan famfo yawanci daga Duwala suke tasowa, su biyo ta Ngawundare, wasu kuma su shigo daga Najeriya, inda hawa da saukar naira ke taɓa farashi. Kowane zango yana ƙara kuɗin mota, yana kuma ƙara fasassu a cikin kwali.

Abin da zan ce shi ne ka raba kuɗinka gida biyu, na abin da za a binne da na abin da za a gani, kuma idan aljihu ya matse, na biyun za ka rage. Madubi da kan shawa ana canza su ranar da hali ya samu, da sukudireba kawai. Bututun da ke cikin bango kuwa sai da guduma. Ka kuma ajiye wani abu a gefe wanda ba ka gaya wa kowa ba, domin da zarar an fasa daɓe sai an tarar da abin da ba a zata ba.

Masai na zama ko na tsuguno?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo gardama tsakanin maigida da uwargida. Na tsuguno ya fi sauƙin tsarki da buta, ba ya buƙatar ruwa mai yawa, kuma da bokiti ɗaya an kora. Na zama ya fi wa mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da wanda shekaru suka fara ja. Banɗakin turaka kuwa na shekaru ashirin masu zuwa ake yi, ba na bana kaɗai ba, shi ya sa na zaɓi na zama a nawa, na bar na tsuguno a makewayin tsakar gida.

Idan na zama ne, nemi mai maɓalli biyu, na lita 3 da na lita 6. Tsofaffin na zubar da lita 9 ko fiye a kowane ja, kuma a gidan da tanki ke ciyarwa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Wanda ake rataye shi a bango, tankinsa a ɓoye, ya fi kyan gani kuma ya fi sauƙin shara, amma kada ka saya sai ka tabbatar akwai kayan gyaransa a garinku da wanda ya iya buɗe shi. Robar cikinsa ta lalace, ba ka da madadi, to ka koma bokiti da masai mai tsada.

Ya maganar fuskantar alƙibla?

Hadisin Abu Ayyub al-Ansari ya hana fuskantar alƙibla ko juya mata baya yayin biyan buƙata. Malaman Malikiyya, waɗanda galibinmu muke bi, sun ɗauki hanin a kan fili, sun sauƙaƙa a cikin gini, suna kafa hujja da abin da Ibn Umar ya gani daga saman ɗakin Hafsa. Wasu malaman kuma sun ƙi abin ko a ina ne. Tunda kana fasa daɓe, fita daga saɓani ba zai ci maka komai ba. Daga Garwa alƙibla tana gabas ne da karkata zuwa arewa, kusan digiri 30 daga gabas sosai, don haka a dasa masai yadda mai zama zai dubi wajen kudu ko wajen arewa. A yanke wannan kafin a binne babban bututu, domin bayan nan juya masai ya zama sabon aiki.

Ina buta da alwala za su shiga cikin wannan tsari?

Nan ne hotunan waje ba su da abin ce mana. A sa ɗan famfon tsarki mai igiya a hannun dama na mai zama, da makullinsa na kansa a bango, don igiyar ce ke fara fashewa, kuma sau da yawa cikin dare take yi. Amma kada ka kori buta saboda shi. A bar famfo ɗaya ƙasa-ƙasa, kamar santimita 50 daga daɓe, wanda buta da bokiti za su shiga ƙarƙashinsa, a kuma bar wa babban bokiti mai murfi wurin zamansa tun a zane. Ranar da ruwa ya ɗauke, shi ne zai rufa asiri.

Alwala kuwa, ɗaga ƙafa zuwa kwanon wanke hannu haɗari ne, kuma yana sassauta kwanon daga bango. Abin da ya fi shi ne ɗan dakali na siminti da aka lulluɓe da tayil a cikin wurin wanka, tsayinsa kamar santimita 40, da famfo a gabansa. A kansa za a yi alwala, a kansa tsoho zai zauna ya yi wanka, a kansa Hajiya za ta wanke lalle. Idan fili ya isa, ɗan bango tsakanin masai da wannan wuri ya fi kwantar da rai, saboda tsartsuwar najasa da kuma ambaton Allah.

Me ya sa ruwa ke kwanciya a wasu sababbin banɗakuna, bango kuma ya riƙa jiƙa ta ɗakin kwana?

Wannan shi ne ya sa na yi aiki sau biyu. Mai tayil ɗina na farko ya shimfiɗa ƙasa sumul, layi ya miƙe, kowa ya yaba. Ranar da na fara wanka, ruwa ya bar magudana a kusurwa ya nufo bakin ƙofa, ya tsaya nan yana kallona. Wata uku muna korarsa da tsintsiya. Kafin damina ta biyu fentin bangon ɗakin kwana ya kumbura daga ƙasa, farin gishiri ya fito, bayan kabad ya yi baƙi, kayan uwargida suka ɗauki warin rima. Ba a sa maganin hana ruwa ba ko kaɗan, ni kuma ban san in tambaya ba.

Abu biyu ne. Na farko gangare: daɓe ya sauka santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana, kuma a daɓen ake fitar da shi, ba da tara siminti a ƙarƙashin tayil ba. Ƙasan banɗaki ya zama ƙasa da na ɗakin kwana da kamar santimita 2, wurin wanka kuma ya ƙara sauka kaɗan. Na biyu, mutane su daina ɗauka tayil na hana ruwa wucewa. Tsakanin tayil da tayil ruwa na ratsawa a hankali. Abin da ke tare shi shi ne maganin da ake shafawa a kan daɓe da bango kafin tayil, irin na kamfanin Sika da makamantansa, hannu biyu, na biyun ya gicciye na farko. A bangon wurin wanka ya hau har mita 2, sauran bangaye kuma aƙalla taki ɗaya daga ƙasa, a kuma kula da kusurwoyi da gindin kowane bututu, don nan ne yoyo ke farawa.

Bayan ya bushe, a toshe magudana, a cika ƙasan da ruwa kamar tsayin yatsa biyu, a yi alama da fensir, a bar shi kwana 2. Idan ruwan ya sauka fiye da abin da iska za ta sha, ko bayan bango ya yi sanyi, a sake shafawa. Ma'aikata ba sa son wannan gwaji domin yana tsayar musu da aiki. Ka biya su kwanakin idan ta kama, amma kada ka yafe shi, musamman idan turakar a saman bene take.

Wane irin tayil zan saya?

Na ƙasa daban, na bango daban. Mai sheƙi ya tsaya a bango. A ƙasa sai mai ɗan kaushi, wanda aka rubuta R10 ko R11 a kwalinsa. Idan babu rubutu, ka jiƙa shi da ruwa a shagon ka goga tafin hannu. Sabulu da tayil mai santsi sun karya ƙugun tsofaffi da yawa. Manya irin masu santimita 60 da 60 suna rage layuka, suna sa ɗaki ya yi fili, amma ba sa lanƙwasuwa su bi gangare mai fuska huɗu. Ko dai a sa doguwar magudana a gindin bango yadda ƙasa za ta gangara fuska ɗaya, ko a yi wurin wanka da ƙanana.

Fari fat da baƙi ƙirin duk suna tona asirin ƙurarmu. Ruwan yashi da toka mai haske sun fi haƙuri. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awonka saboda yanka da fashewa, ka duba lambar kwalaye ta zama ɗaya don launi na bambanta daga gashi zuwa gashi, ka kuma ɓoye kwali ɗaya a gida. A manna da simintin tayil na buhu, a baje shi da cokali mai haƙora ya cika bayan tayil ɗin duka. Masu ɗiga siminti dunƙule biyar suna barin kogo, kogon kuma gidan ruwa ne da kyankyasai.

Wane bututu ya kamata a binne?

Na kawo ruwa, koren bututun roba na PPR da ake haɗawa da zafi ya fi tsohon na ƙarfe nesa ba kusa ba: ba ya tsatsa, yana jure ruwan zafi. Milimita 25 a babban layi, 20 zuwa kowane famfo. Sai dai mai haɗawa ya iya, domin idan ya ƙona shi da yawa bakin na toshewa daga ciki, ruwa ya ragu ba ka san dalili ba. Na fitar da ruwa PVC ne: milimita 100 na masai, 40 ko 50 na wurin wanka, 32 ko 40 na kwanon wanke hannu, kowanne da gangaren santimita 2 a mita, ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba.

Kafin a rufe bango, a toshe bakuna a saki ruwa ya kwana a ciki, ka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, da ma'auni a jiki. Ranar da za a huda don rataye madubi, hoton nan ne zai hana a huda bututu. A sa wa banɗakin makulli guda a waje wanda zai rufe ruwansa shi kaɗai.

Ina son faffaɗar shawa mai zubo ruwa kamar sama. Za ta yi aiki da tankina?

Da wuya. Lissafin mai sauƙi ne: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ƙarfin ruwa 1 a ma'aunin da ake kira "bar". Idan tankinka ya ɗara kan shawa da mita 3, abin da ka samu 0.3 ne kawai, alhali irin waɗannan shawa yawancinsu na son 1 ko fiye. Sakamakon shi ne ruwa ya taru a tsakiya yana ɗiga kamar rufin da ke yoyo. Mafita uku ce: a ɗaga tanki, a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, ko a haƙura da madaidaicin kai wanda ba shi da faɗi. Injin na aiki da kyau, amma da wuta yake tafiya, don haka a yi masa bututun kewaye yadda in wuta ta tafi ruwa zai ci gaba da zuwa ko a hankali ne. Ko wacce ka zaɓa, a haɗa da shawar hannu. Ita ce ke wanke bango, ita ce ta wankan yara.

Ina buƙatar hita mai dumama ruwa a wannan zafin namu?

A Ngawundare, da take kan tudu mai sanyi, babu gardama ana buƙatarsa. A Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena kuwa, watanni biyu zuwa uku na hunturu ne ake nemansa, musamman ga wankan asuba. Mai tara lita 50 ya isa mata da miji, kuma ba ya jan wuta kamar mai dumama ruwa nan take, wanda ke iya fin ƙarfin mitar gida. A saita shi wajen digiri 60, don ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke kwana a tanki ƙwayoyin cuta na jin daɗinsa. Ɗan bawul ɗin da ke ɗiga a ƙarƙashinsa aikinsa ke nan, kada a toshe shi. Mai aiki da hasken rana ya fi tsada a farko, amma rana ba abin da muka rasa ba ce.

Matsalar da ba a cika tambaya ba ita ce akasin wannan. A Afrilu, baƙin tanki a kan ƙarfe cikin rana yana dafa ruwa, da azahar ba ka iya tara hannu, har tsarki ya gagara. A yi wa tanki rumfa, a binne bututun da ke saukowa ko a naɗe shi, kada a bar shi yana bin bangon yamma a fili.

Yaya za a yi da wutar lantarki a wurin da ke da ruwa?

A nan ba na sassauci ko kaɗan. Wutarmu bolt 220 ce, jikin da ya jiƙe kuma ba shi da kariya. Layin banɗaki ya bi ta na'urar yanke wuta mai gane yoyo, ta miliyamfiya 30, wadda masu aikin wuta ke kira diferansiyal, a kuma danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Hita ya samu layinsa shi kaɗai da wayar ƙasa ta gaskiya, wadda ta kai ga sandar da aka kafa a ƙasa. Gidajenmu da yawa soket mai ido uku ne amma na ukun babu komai a bayansa. Kada soket ko makunni ya kusanci wurin wanka da ƙasa da santimita 60, makunnin ma ya fi kyau a waje. Fitila ta zama mai murfi, mai alamar kariya daga ruwa ta IP44 ko sama. Ka ƙara ƙaramar fitila mai caji a sama, saboda duhu a kan jiƙaƙƙen tayil.

An gama komai amma wari na tasowa. Daga ina?

Kusan kullum daga magudana. Kowace mafitar ruwa tana buƙatar lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa ya tare iskar shadda, wato sifon. Wasu masu aiki ba sa sa shi a magudanar ƙasa, wani lokacin kuma yana nan amma ya bushe, abin da ke faruwa da sauri a hunturu idan maigida ya yi tafiya. Kofi ɗaya na ruwa ya warware wannan. Idan kuma kana jin ƙarar zuƙar iska a kwano duk lokacin da aka ja masai, babu bututun numfashi: ana so a fitar da bututu daga babban layi ya haura rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda sauro da ƙuda. Sai taga mai raga a sama, ko fankar zuƙe iska idan banɗakin ba shi da bangon waje. Turaren wuta na gyara ɗaki, amma ba ya gyara bututu.

Tsohuwar shaddar gidan za ta ɗauki sabon banɗaki?

Ramin da aka haƙa don masan tsuguno da buta ba a yi shi don lita 6 a kowane ja da wankan shawa ba. Zai cika da wuri, gefensa na iya zaftarewa. Abin da ya dace shi ne ginanniyar shadda mai ɗakuna biyu ko uku, wadda muke kira fos, inda ƙazanta ke kwanciya, sai ruwan ya wuce ramin tsotsewa. Ruwan wanka ya fi kyau ya bi layinsa daban kada ya cika fos a banza. A bar murfin da mota za ta iya kwashewa ta nan, kada a rufe shi da daɓe.

Ƙasar wurin ma tana da magana. A baƙar ƙasar karal ta yankin Marwa, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, ruwa ba ya tsotsewa da sauri, motsinta kuma na karya bututu. A shimfiɗa masa yashi sama da ƙasa. A Kusiri da Njamena, kusa da kogunan Logon da Shari, ruwan ƙasa na tasowa da damina, rami mai zurfi sai ya zama rijiya. Ko'ina ne, a nisanta ramin tsotsewa da rijiyar sha, taka ko ta maƙwabci, mita 30 idan fili ya yarda, kada ya gaza 15. Kwalara ta sha ziyartar yankinmu, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya a bakin katanga ba.

Gilashi ko labule? Bahon kwanciya fa?

Gilashi ɗaya tsayayye, wanda aka gasa, mai kaurin milimita 8, ba ƙofa ba taya, shi ne ya fi daɗewa. Gilashin taga kuwa kada ya shiga banɗaki, don in ya fashe wuƙaƙe yake zama. Rabin bango na bulo da tayil ma yana yin aikin, ya fi sutura, kuma ba ya nuna tabon ruwa. Bahon kwanciya yana shan fiye da lita 100 a cika ɗaya. Waɗanda na sani da suka sa, wanki ake jiƙawa a ciki.

Ina da mata biyu. In gyara na turaka kaɗai?

Na turaka kowacce na amfani da shi ranar girkinta, don haka ba a cika samun magana a kansa ba. Amma idan a ɗakin ɗaya daga cikinsu za a yi, Alhaji, ka lissafa biyu tun farko. Ka sayi tayil da kaya iri ɗaya lokaci guda ko da aikin zai biyo baya, ka kuma faɗa musu da bakinka wanda za a fara da dalili.

Yaya zan yi yarjejeniya da masu aiki, kuma me zan duba kafin in biya na ƙarshe?

Jinga ta fi lada na yini, amma a rubuta abin da ta ƙunsa, har da gwajin ruwa na kwana 2 da kwashe ɓaraguzai. Kaya ka saya da kanka tare da mai aikin. Kafin ka ba mai tayil aiki, je ka ga banɗakin da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Kuɗi kashi-kashi: bayan bututu, bayan gwaji, bayan tayil, sauran kuma sai an yi mako ana amfani da wurin.

Ranar karɓa, ka sheƙa bokiti guda a kowace kusurwa ka tsaya ka ga inda ruwan zai bi. Ka ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Ka ja masai sau uku a jere, ka girgiza shi ka ji ko yana motsi. Ka rufe duk famfuna ka duba mita ko alamar tanki bayan awa biyu. Ka tabbatar ruwan zafi na hagu, na sanyi na dama.

Farin tabo ya fara fitowa a famfo da gilashi. Da me zan wanke?

Gishirin da ke cikin ruwa ne yake bushewa a kai, kuma ya fi yawa a wasu rijiyoyin burtsatse. A kan baƙin famfo ya fi fitowa fili, abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Ruwan khal ko lemun tsami da aka sirka da ruwa yana narkar da shi: a jiƙa tsumma a naɗe kan famfon na ɗan lokaci, a ɗauraye, a goge ya bushe. Kan shawar da ya toshe a kwance shi a jiƙa a ciki. Kada a kawo asid ɗin da magina ke wanke siminti da shi, yana cinye abin da aka cike tsakanin tayil, yana kuma ɓare fatar famfo. Soson ƙarfe ma haka. Kuma kada a taɓa haɗa ruwan jabel, wato bilic, da wani abu mai tsami a rufaffen banɗaki, domin iskar da ke tashi guba ce. Idan layin da ke tsakanin tayil ya fara zubewa, a kankare a sake cika shi tun yana taki ɗaya, musamman a gindin bangon wurin wanka da kewayen magudana.